Bodie, Rhyolite ko Bannack: wanne za ka ziyarta cikin garuruwan zinaren Amurka da suka zama kufai?

Wanda karatu ko aiki ko ziyarar 'yan uwa ta kai shi Amurka, in ya samu 'yan kwanakin hutu, manyan birane ake nuna masa: dogayen benaye, gadoji, kantuna. Amma akwai babin tarihin ƙasar da ba a karanta shi a birni. Tun ranar 24 ga Janairun 1848, da James Marshall ya tsinci zinare a Coloma wajen da ake gina injin yankan katako na John Sutter, mutane kusan 300,000 suka kwarara Kalifoniya cikin 'yan shekaru. Daga nan har sama da shekara sittin, duk inda aka ji ƙishin-ƙishin ɗin zinare a yammacin ƙasar, sai gari ya tsiro. Ɗaruruwan garuruwa aka kafa haka. Mafi yawansu yau ko tushen gini ba ka gani, gobara da iska da masu kwasar katako sun gama da su.

Cikin waɗanda suka rage, uku ne nake ganin sun cancanci mutum ya ƙona mai dominsu: Bodie a Kalifoniya, Rhyolite a Nebada, da Bannack a Montana. Ba kusa suke da juna ba. Daga Bodie zuwa Bannack tafiyar yini guda ce cur a mota, don haka yawancin mutane ɗaya za su zaɓa. Ra'ayina tun daga farko shi ne: in ɗaya kawai za ka gani, kuma tafiyarka ta faɗo tsakanin Yuni da Satumba, je ka Bodie. Sai dai wannan hukunci yana da sharuɗɗa, kuma akwai mutanen da Bodie ba ta dace da su ba sam. Dalilin da ya sa suka bambanta ba a yawan gine-ginen da suka rage kaɗai yake ba. Kowannensu da irin mutuwar da ya yi, kuma irin mutuwar ce ta yanke abin da za ka tarar.

Bodie mutuwar tsaye ta yi, a hankali, cikin shekara sittin. A 1859 wasu 'yan tsirarun masu neman arziki suka ga alamar zinare a wasu tuddai marasa bishiya, gabas da duwatsun Sierra Nevada. Ɗaya daga cikinsu, W. S. Bodey, bai ci moriyar abin ba. Kafin shekarar ta fita guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da shi a hanya yana dawowa da guzuri, ya rasu. Sunansa garin ya gada. Shekaru sama da goma sha biyar wurin bai zama komai ba, sai a tsakiyar shekarun 1870 wani rami ya rufta, ruftawar ta tona wata jijiyar zinare mai kauri. Kamfanin Standard ya karɓi ramin, ribar da ya fara rabawa masu hannun jari ta yi amo, sai jama'a suka yi caa. Zuwa 1879 ana ƙiyasta mutanen garin tsakanin 7,000 da 10,000, gine-gine wajen 2,000, babban titi mai tsawon sama da kilomita ɗaya da rabi, mashaya 65 a jere. Akwai unguwar Sinawa mai ɗaruruwan mutane, da wurin ibadarsu, suna sana'ar wanki da sayar da kayan lambu da itace da gawayi.

Maganar itace ba ƙaramar magana ba ce a nan, kuma ita ce ke fara nuna maka irin wurin da aka kafa garin. Bodie tana bisa tsayin kusan mita 2,550 daga doron teku, babu inuwar bishiya, kuma kusan dare 300 a shekara ruwa na daskarewa. Duk katakon gini, duk itacen da ake tokare ramuka da shi, duk wanda tukunyar injin ke ci, daga nesa ake kawo shi. A 1881 aka shimfiɗa layin dogo mai kilomita 51 zuwa dajin da ke kudu da tafkin Mono, ba don ɗaukar fasinja ba, don itace kawai, kuma layin bai taɓa haɗuwa da wani layi na waje ba. Wannan yunwar itace ta cinye bishiyoyin da 'yan asalin yankin, mutanen Paiute, suke dogara da 'ya'yansu wajen abinci. Yana da kyau mai ziyara ya riƙe wannan a ransa, domin allunan bayani sun fi ba da labarin waɗanda suka zo fiye da na waɗanda aka tarar.

Tashen bai wuce shekara huɗu ba. Daga 1881 samari marasa iyali suka fara ficewa zuwa Butte da Tombstone da sauran wuraren da ake ta labarinsu. Masu iyali suka zauna. Shi ya sa cocin Methodist da ke tsaye har yanzu sai a 1882 aka gina shi, bayan hayaniya ta lafa. Kamfanin Standard ya ci gaba da neman hanyar rage kashe kuɗi: a farkon shekarun 1890 ya jawo lantarki daga ƙarfin ruwa a Green Creek, nisan kilomita 21, ɗaya daga cikin karon farko da aka kai wuta nesa haka a Amurka. Aka kuma shigo da sinadarin sayanayid, aka koma kan tarin ɓarɓashin dutsen da aka zubar a baya ana sake tace shi. Da wannan dabara garin ya yi ta jan numfashi. Gobarar 1892 ta ci wani sashe, ta 1932 ta lashe mafi yawan abin da ya saura, sannan a 1942 gwamnatin Amurka ta ba da umarnin rufe ramukan zinare domin a karkata ma'aikata da kayan aiki zuwa yaƙin duniya na biyu. Nan aka yi ta ta ƙare. Jimillar abin da aka tono a Bodie ya haura dala miliyan 30 a kuɗin wancan zamani.

To me ya sa nake fifita ta? Saboda cikin ɗakunan. Hanyar fita daga Bodie tana da wuya, kuɗin dakon kaya ya fi ƙarfin kayan, don haka iyalai da yawa suka ɗauki abin da za su iya, suka ja ƙofa. Iyalan James Cain, wanda ya saye yawancin filayen garin, suka ɗauki masu gadi don kada a wawashe. Da jihar Kalifoniya ta karɓi wurin a 1962, sai ta ɗauki wata manufa: ba za a sabunta komai ba, ba kuma za a bari ya faɗi ba. Ana toshe rufin da ke yoyo, ana tokare bangon da ya karkata, shi ke nan. Ba fenti, ba kwalliya.

Sakamakon haka, in ka kifa fuskarka a gilashin tagar makarantar garin, za ka ga tebura a jere, littattafai a kai, murhun ƙarfe a gefe, da ƙwallon taswirar duniya wanda rana ta ci har ƙasashen sun goge. A kantin Boone gwangwanaye da kwalabe na nan bisa kanta, ga tsofaffin famfunan mai a ƙofa. A shagon mai haɗa gawa akwatuna ne jingine, har da ƙanana na yara, kuma wannan ɗakin kaɗai ya isa ya gaya maka abin da sanyin wurin ke yi wa jarirai. Bankin garin ya ƙone a 1932, abin da ya rage shi ne ɗakin ajiyar kuɗi na jan bulo, tsaye shi kaɗai a fili. Gine-gine sama da 100 ne suka saura, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na garin ba, amma sun isa ka yi tafiya titi-titi ka gane ina ne kasuwa, ina ne unguwar talakawa, ina ne gidan mai kuɗi.

Sai kuma masana'antar niƙan dutse ta Standard da ke bisa tudu, wadda aka sake ginawa a 1899 bayan ta farko ta ƙone. Ba a shiga sai da ɗan rakiya, a lokacin zafi, da ƙarin kuɗi kaɗan, kuma ina ba da shawarar kada ka tsallake ta. Aikin turmi da taɓarya ne, sai dai taɓaren na ƙarfe ne, guda 20, kowace ta kusa rabin tan, suna dakan dutse dare da rana. Garin dutsen da ruwa ya kwaso yana bi ta kan faranti na jan ƙarfe da aka shafe da zaiba, zaibar ta kama zinaren, a kankare, a ƙona, zaibar ta tashi hayaƙi, zinaren ya zauna. Duk wanda ya san yadda ake aikin zinare a Zamfara ko Neja ko yankin Agadez zai gane wannan nan take, domin har gobe da zaiba ake kama shi a can, kuma hayaƙin da ya lalata lafiyar leburorin Bodie shi ne dai matasanmu ke shaƙa. Wannan ne ya sa ban ɗauki ziyarar irin waɗannan wurare a matsayin yawon buɗe ido kawai ba. A 2014 aka samu zinare a Djado da ke arewa maso gabashin Nijar, dubban mutane suka yi tururuwa, kasuwa ta kafu a tsakiyar Sahara, a 2017 gwamnati ta rufe wurin. Labarin da Bodie ke bayarwa bai tsufa ba a wajenmu.

Yanzu ga aibinta. Na farko, kusan duk kallo ta taga ne. Gidaje ƙalilan ake bari a shiga, sauran a kulle suke don kare kayan ciki. Yaro ɗan shekara shida zai gaji da ɗaga shi ana leƙa taga. Na biyu, tsayin wurin yana sa haki da ciwon kai, ga rana mai ƙuna duk da sanyin iska, ga hawa da sauka. Dattijo mai hawan jini ko ciwon zuciya ya yi shawara da likita tukuna. Na uku, hanya: daga babban titi mai lamba 395, kusa da Bridgeport, za ka ratse kilomita 21, kuma wajen kilomita 5 na ƙarshe ba kwalta, sai gargada. In dusar ƙanƙara ta sauka, hanyar a rufe take ga motoci tsawon watanni. A cikin garin babu abinci, babu gidan mai, babu wurin kwana, kuma ana rufe ƙofa kafin magariba. Guzurinka da ruwanka da rigar sanyinka su zo tare da kai, ko da a watan Yuli ne. Kuma kada ka ɗauki ko ƙusa ɗaya, doka ta hana. Akwai camfin da ya yaɗu cewa wanda ya saci wani abu a Bodie masifa za ta bi shi, har mutane na mayar da kayan ta gidan waya. Ba sai an kai ga camfi ba, amana ce kawai.

Rhyolite kuwa faɗuwar farat ɗaya ta yi, kuma ba zinare ne ya gina ta ba kamar yadda takarda ta gina ta. A Agustan 1904 Shorty Harris da Ed Cross suka samu wani koren dutse mai ɗigon zinare a tuddan da ke gab da Death Valley. Farkon 1905 aka yanka filayen gari. A 1906 attajirin ƙarfe Charles Schwab ya sayi ramin Montgomery Shoshone da miliyoyin daloli, kuma sunansa kaɗai ya isa ya sa masu kuɗi a gabashin Amurka su yi ta sayen hannun jarin duk wani rami da ke yankin, har da waɗanda ba a taɓa fitar da komai daga cikinsu ba. Cikin shekara uku garin ya samu lantarki, ruwan famfo, tarho, jaridu, asibiti, kasuwar hannun jari tasa ta kansa, da kamfanonin jirgin ƙasa har uku. Mutanensa a lokacin ganiya tsakanin 3,500 ne da 5,000. Aka gina bankin John Cook, bene mai hawa uku, da marmara daga Italiya, a kan kuɗi wajen dala 90,000.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa bai kai abin da ke kan takarda ba. Girgizar ƙasar San Faransisko ta 1906 ta janye jari, rikicin bankuna na 1907 ya ƙarasa tsotse shi. Ramin Schwab ya fitar da zinaren sama da dala miliyan ɗaya a shekaru ukun farko, amma hannun jarinsa ya faɗo daga dala 23 zuwa ƙasa da dala 3. A 1908 wasu masu ƙaramin jari suka ɗauko injiniya daga Ingila ya duba ramin, rahotonsa ya nuna an zuzuta darajarsa, sai farashin ya koma kwabbai. Ƙidayar 1910 ta samu mutum 675. Aka rufe ramin a 1911, gidan waya a 1913, jirgin ƙarshe ya tashi a 1914, aka yanke wuta a 1916. A 1920 mutum 14 suka rage. Makarantar bene mai hawa biyu da aka kammala a 1909, kafin a buɗe ta yawancin yaran da aka gina dominsu sun bi iyayensu sun tafi.

Ga wani abu da ke ba ni mamaki a tarihin wurin: zinaren bai ƙare ba. Ya yi siriri ne kawai ga kayan aikin wancan lokaci. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 1998 wani katafaren rami na zamani a kudu da garin ya fitar da sama da oza miliyan 2. Mutanen 1905 ba su yi kuskure kan cewa akwai arziki ba, sun yi kuskure kan ko nasu ne.

Da yake akwai layin dogo da gari a kusa, Rhyolite ba ta samu gatan da nisa ya yi wa Bodie ba. Aka ɗaye rufi, aka cire ƙofofi da tagogi, wasu gidajen ma ɗungurungum aka ja su zuwa garin Beatty da ke maƙwabtaka. Abin da za ka tarar kangaye ne na siminti da dutse: gaban bankin Cook a tsaye, tagoginsa a wangame kana hango sama ta cikinsu, bangon makaranta, kurkuku, tashar jirgin ƙasa wadda ita ce ta fi kowanne cika, da gidan da Tom Kelly ya gina a 1906 da dubban kwalabe da laka saboda tsadar katako. A bakin shiga akwai wasu mutum-mutumi na zamani da wani mai zane ɗan Beljiyam ya fara kafawa a 1984, mafi yawansu ba su da alaƙa da tarihin haƙar zinare. Wasu na sha'awarsu, ni a ganina suna raba hankalin mai ziyara ne.

Awa ɗaya zuwa biyu ta ishe ka ka gama da Rhyolite. Wannan shi ne rauninta, shi ne kuma amfaninta. Tana kilomita 190 daga Las Vegas, wajen awa biyu a kan kwalta mai kyau, kilomita 6 daga Beatty inda akwai mai da masauki. Ba a biyan ko sisi. Ana iya ganin mafi yawanta daga cikin mota, don haka ta dace da tsofaffi da mai ciwon ƙafa. Lokacinta daga Oktoba zuwa Afrilu ne, kusan lokacin da dusar ƙanƙara kan rufe hanyar Bodie. A watannin zafi kuwa ma'aunin zafi kan kai digiri 40, kuma babu inuwa. Wanda ya je bai karanta labarinta ba zai ce bango huɗu ya gani. Wanda ya karanta, musamman ɗalibin tattalin arziki ko duk wanda ya taɓa ganin yadda jama'a ke zuba kuɗi a harkar da ake ta yabo ba tare da an ga kayan ba, zai tsaya gaban bankin nan ya daɗe.

Bannack ta girmi duka biyun a tashe, kuma labarinta na mulki ne da shari'a. Ranar 28 ga Yulin 1862 John White da abokansa suka samu zinare a rafin Grasshopper. Wannan ba zinaren cikin dutse ba ne mai bukatar injin da jari, na cikin yashi ne, wanda mutum ɗaya da shebur da kwano zai iya wankewa. Shi ya sa talakawa suka fi yawa a cikin masu zuwa, kuma shi ya sa ba su da abin da zai riƙe su. Kafin bazarar 1863 an kai mutum wajen 3,000. A watan Mayun shekarar aka samu wanda ya fi shi a Alder Gulch, sai mafi yawansu suka naɗe tabarma suka koma can, inda Virginia City ta tashi. Duk da haka, da aka ƙirƙiri yankin Montana a 1864, Bannack ce ta zama hedikwatarsa ta farko, a nan majalisa ta fara zama, kafin a mayar da kujerar Virginia City a 1865. A 1881 ma hedikwatar gunduma ta koma Dillon, saboda can jirgin ƙasa ya bi. Sau uku ke nan ana janye mata abin da ta dogara da shi. Jiragen yashe rafi da aka fara kawowa a 1895 sun ɗan farfaɗo da ita, sannan ta ci gaba da tsiyayewa har gidan waya ya rufe a 1938. A 1954 ta zama wurin tarihi na jihar.

Abin da ya fi shahara a tarihinta shi ne Henry Plummer, shugaban 'yan dokan da jama'a suka zaɓa a 1863. Fashi da kisa sun yi yawa a hanyar da ake bi da zinare tsakanin Bannack da Virginia City, sai wasu mazauna suka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai a ɓoye. Suka zargi Plummer da cewa shi ne uban 'yan fashin. Ranar 10 ga Janairun 1864 suka rataye shi tare da mataimakansa biyu, ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Cikin 'yan makonni suka rataye mutum sama da 20. Har yau masana tarihi ba su daidaita ba: wasu na cewa Plummer ya aikata, wasu na cewa hujjar da aka kafa a kansa ba ta taka kara ta karya ba, kuma akwai siyasa a ciki. Wanda ya fito daga yankin da aka san 'yan bindiga da 'yan sa-kai ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan nauyin wannan tambaya. Kurkukun katako na zamanin yana nan, ƙarami, mai duhu, kana iya shiga. Gungumen ratayar da ke bayan gari sabo ne, an sake kafa shi ne don nuni.

Ga inda Bannack ta fi Bodie nesa ba kusa ba: ƙofofinta a buɗe suke. Gine-gine wajen 60 ne a jere kan titi ɗaya, kuma yawancinsu za ka tura ƙofa ka shiga. Ka hau matakalar otal ɗin Meade mai lanƙwasa, wanda asali kotun gunduma ce da aka gina da jan bulo a 1875, ka bi ɗakunan sama kana jin katako na ƙara ƙarƙashin ƙafarka, takardar bango ta ɓare kashi-kashi. Ka zauna a bencin makarantar da aka gina a 1874. Sai dai ɗakunan yawanci wayam suke, an kwashe kayan tun tuni. A Bodie kana ganin rayuwar mutane amma gilashi ya raba ku, a Bannack kana cikin ɗakin amma mutanen sun tafi da komai nasu. A wannan ginin kotu ne mutanen gari suka fake a 1877 da suka ji mayaƙan Nez Perce, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, na kusa. Su kuwa Nez Perce gudun tsira suke yi daga sojojin Amurka, kuma asalin rikicin zinare ne: an same shi a ƙasarsu a 1860, yarjejeniyar 1863 ta rage musu ita zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Filin yaƙin Big Hole, inda aka kashe musu mata da yara da dama, yana cikin wannan yanki, kuma ya kamata a haɗa shi da ziyarar.

Ga mai tafiya da iyali, Bannack ce zaɓi. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, akwai bishiyoyi da rafi da wurin kafa tanti, akwai inda za a baje abinci a kuma yi salla cikin natsuwa, a lokacin zafi ana koya wa yara wankin yashi da kwano, kuma a ƙarshen mako na uku na Yuli ana bikin tunawa da tarihin garin. Tana buɗe duk shekara, ko da yake sanyin Montana ba abin wasa ba ne. Matsalarta nisa: tana wajen kilomita 40 daga Dillon, Dillon kuwa ba ta kusa da wani babban birni. In dama za ka je gandun Yellowstone, ƙara mata yini ɗaya abu ne mai sauƙi. In ba haka ba, tafiya ce ta musamman mai cin kuɗin jirgi da hayar mota.

Saboda haka lissafin ya danganta da wata, da abokan tafiya, da tambayar da ke ranka. Mai son sanin yadda leburan rami ya rayu, me ya ci, ina ya kwana, da wane inji ya yi aiki, Bodie ce tasa, kuma ya ba ta yini guda. Tana kusa da tafkin Mono da ƙofar gabas ta gandun Yosemite, daga Reno kuma tafiyar ƙasa da awa uku ce. Mai yara ƙanana, ko mai sha'awar yadda ake kafa hukuma a inda babu ita, ya nufi Bannack. Wanda taro ya kai shi Las Vegas a Disamba, yana da rabin yini da kuɗi kaɗan, kada ya ce sai Bodie ko ba komai: Rhyolite na nan kusa, kuma gani ya kori ji. Mai ɗaukar hoto zai fi samun abin da yake so a Rhyolite da sassafe ko gab da faɗuwar rana, domin lokutan buɗe ƙofar Bodie sukan hana shi wannan hasken.

Wanda kuma yake da kwana uku a ƙarshen Mayu ko farkon Oktoba, lokacin da hanyar Bodie ke yawan kasancewa a buɗe kuma zafin Rhyolite bai kai intaha ba, zai iya haɗa biyun. Daga Bodie ka gangara Lee Vining, ka yanki gabas zuwa Tonopah, ka kama titi mai lamba 95 zuwa kudu. A hanya za ka ratsa Goldfield, wadda aka samu zinarenta a 1902, ta kai mutum wajen 20,000 har ta zama gari mafi girma a Nebada, yau kuwa 'yan ɗaruruwa ne ke zaune cikin manyan gine-ginenta. Ka duba halin da hanyar Bodie ke ciki a shafin intanet na hukumar da ke kula da wurin kafin ka tashi, domin dusar ƙanƙara kan yi sammako ko ta makara. Ka cika tanki a Lee Vining, ka sake cikawa a Tonopah, saboda tsakanin garuruwan nan akwai dogayen zangon da babu gidan mai, kuma waya ba ta samun sabis.